Daga Pune zuwa Aachen: Yadda Ɗalibin Indiya Ke Shirya Tafiya Karatu Jamus, Mataki-Mataki

Shekaru goma da suka wuce, idan saurayi a Hyderabad ko Pune ya ce wa iyayensa zai fita waje karatu, ƙasashe huɗu ne suke zuwa a rai: Amurka, Ingila, Kanada da Ostareliya. Jamus tana can gefe, sai ɗaiɗaikun injiniyoyi masu son motoci. Yau labari ya sha bamban. A zangon hunturu na 2022/23 ɗaliban Indiya a jami'o'in Jamus sun haura 42,000, suka ture Sinawa daga matsayi na farko, shekara guda bayan nan suka kusa 50,000. Wani ɓangare na dalilin yana wajen Jamus: a Janairun 2024 Kanada ta ƙayyade yawan bizar ɗalibai, a watan ne kuma Ingila ta hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu tafiya da mata da 'ya'ya. Amma babban abin da ke jan mutane kalma ɗaya ce, wai karatu a Jamus kyauta ne.

Gaskiya ne mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu. Sai dai abin da ba a biya da kuɗi ba, ana biyansa da takardu, da jira, da harshe. Kuma matakan a ɗaure suke da juna kamar sarƙa, wanda ya tsallake ɗaya ko ya sa na baya a gaba yakan yi asarar zango guda, wato wata shida. Saboda haka bari mu ɗauki wani saurayi da ya gama digirin injiniya na shekara huɗu a Pune, yana son digiri na biyu, mu bi shi tun daga ɗakinsa har ranar da zai karɓi albashin farko.

Mataki na 1: Kirga kwana daga baya

Zangon hunturu yana farawa a Oktoba, na bazara a Afrilu. Mafi yawan kwasa-kwasan digiri na biyu da ake koyarwa da Turanci a Oktoba suke ɗaukar ɗalibai. Ranar rufe karɓar takardu da aka fi sani ita ce 15 ga Yuli, kuma nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu, domin jami'o'i da dama suna rufe wa 'yan wajen Tarayyar Turai ƙofa tun da wuri. Jami'ar RWTH da ke Aachen, alal misali, tana rufewa 1 ga Maris. Wanda yake son shiga aji a Oktoba ya kamata ya fara motsi tun Yuli ko Agustan shekarar da ta gabata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 2: Zaɓen kwas kafin zaɓen gari

Nan ne ɗalibin Indiya ya fi shan mamaki. A Amurka wanda ya karanta injiniyan lantarki zai iya juyawa zuwa kimiyyar kwamfuta idan ya rubuta wasiƙa mai daɗi. A Jamus digiri na biyu ci gaba ne na digirin farko, kuma kwamitin ɗaukar ɗalibai zai zauna da takardar sakamakonka yana ƙirga darussa ɗaya bayan ɗaya: lissafi nawa ka yi, ilimin zafi da makamashi nawa, tsara na'ura nawa. Ma'aunin da suke amfani da shi ana kiransa ECTS, kowace shekarar karatu maki 60. Idan kwas ya ce yana buƙatar maki kaza a lissafi kuma naka bai kai ba, ko kai ne gwarzon ajinku za a mayar maka da takardunka. Don haka aikin farko shi ne a nemo kundin darussan kwas ɗin daga shafin jami'ar, a ajiye shi kusa da manhajar jami'arka ta Indiya, a gwada su layi-layi. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma babu dillalin da zai yi maka shi da zuciya ɗaya.

Hukumar DAAD, mai kula da musayar ɗalibai ta Jamus, tana da rumbun bayanai na kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci, tana kuma da ofishi a New Delhi. Daga nan ake farawa. Akwai kuma rumbun anabin, inda ake duba ko Jamus ta amince da jami'ar da ka gama. Alamar H+ ita ake nema.

Manyan makarantu iri biyu ne. Akwai jami'o'in bincike, irin su tara na ƙungiyar TU9 da suka haɗa da Aachen, Munich, Berlin, Darmstadt, Dresden, Karlsruhe, Stuttgart, Hanover da Braunschweig. Akwai kuma jami'o'in koyon aiki da ake kira Fachhochschule, masu ƙananan azuzuwa da alaƙa da masana'antu. Iyaye a Indiya sun saba da jerin gwanaye, daga IIT, manyan makarantun injiniya na ƙasar, zuwa ƙasa, sai su riƙa ganin rukuni na biyu kamar koma-baya ne. A ganina wannan kuskure ne. Ga wanda burinsa aiki ne a kamfani, ba digirin digirgir ba, irin wannan makaranta takan fi yi masa rana.

Maganar kyauta kuma tana da togiya. Jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga 'yan wajen Tarayyar Turai tun 2017, kuma Karlsruhe da Stuttgart da Heidelberg duk a cikinta suke. Jami'ar fasaha ta Munich ta fara karɓar kuɗi daga zangon hunturu na 2024/25, Yuro 4,000 zuwa 6,000 kowane zango a digiri na biyu. A sauran wurare ana biyan kuɗin hidimar zango, wanda yawanci bai wuce Yuro ɗari biyu zuwa ɗari huɗu ba, sau da yawa har da tikitin mota da jirgin ƙasa a ciki. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa, waɗanda dillalai suka fi turawa saboda suna samun la'ada, suna karɓar dubban Yuro a shekara. Duk dillalin da ya ce ya samo maka gurbi cikin mako guda ba tare da duba sakamakonka ba, ka tambaye shi wa ke biyansa.

Makin sakamakon digiri ma sai an juya shi zuwa ma'aunin Jamus. A Jamus 1.0 ne mafi kyau, 4.0 shi ne ƙarshen tsallakewa. Jami'o'i da yawa suna amfani da wani lissafi da ake dangantawa da jihar Bavaria: a cire makinka daga mafi girman maki, a raba da tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙarancin makin tsallakewa, a ninka da uku, a ƙara ɗaya. Saurayinmu mai 8.0 cikin 10, idan 4 ne makin tsallakewa a jami'arsa, ya tashi da 2.0. Idan 5 ne, ya tashi da 2.2. Kwasa-kwasai da dama suna yanke layi a 2.5.

Wanda ya gama aji goma sha biyu kawai, wato sakandare, yana son digirin farko, hanyarsa daban ce: yawanci sai ya yi shekarar share fage a Studienkolleg da Jamusanci, ko ya fara shekara guda a jami'ar Indiya, sai dai in ya ci JEE Advanced, jarrabawar shiga IIT, wadda ke buɗe masa ƙofa kai tsaye a fannonin fasaha da kimiyya.

Mataki na 3: Takardar APS

Tun 1 ga Nuwamban 2022, duk mai takardun karatu na Indiya da ke neman bizar karatu sai ya fara bi ta wani ofishin tantancewa da ke ƙarƙashin ofishin jakadancin Jamus a New Delhi, wanda ake kira APS. An kafa shi ne saboda yawan takardun bogi. Ana rajista ta intanet, a biya rufi 18,000, a aika kwafin takardun aji goma sha biyu da sakamakon kowane zango na jami'a da shaidar digiri. Ofishin yakan tuntuɓi jami'ar don tabbatarwa, kuma nan ne jinkiri yake shigowa: idan magatakardar jami'arku bai amsa wasiƙa ba, fayil ɗinka yana nan kwance. Wani yakan samu cikin makonni kaɗan, wani sai ya yi watanni. Mai wayo yakan je da ƙafarsa ofishin jarrabawa na tsohuwar makarantarsa ya roƙi a duba saƙon. Masu neman digirin digirgir da masu tallafin gwamnatin Jamus ko na Tarayyar Turai an ɗauke musu wannan. Takardar ba ta da wa'adin lalacewa, don haka babu dalilin jinkirta ta. Ita ce abu na farko da za a biya wa kuɗi.

Wani abu da ya shafi namu: matasanmu da yawa daga Kano, Katsina da Yamai sun yi digiri a jami'o'in Indiya. Abin da jami'o'in Jamus ke dubawa shi ne ƙasar da ta ba da takardar karatu, ba launin fasfo ba. Bahaushen da digirinsa na Indiya ne ya sa wannan mataki cikin lissafinsa tun farko.

Mataki na 4: Harshe

Na Turanci ba shi da wuya: jarrabawar IELTS, yawanci maki 6.5, ko TOEFL. Wasu jami'o'in suna karɓar wasiƙar da ke nuna da Turanci aka koyar da kai, amma ba duka ba.

Na Jamusanci shi ne wanda ake rainawa. Ɗalibi zai ce ai kwas ɗina da Turanci ne. Haka ne, aji da Turanci yake. Amma mai gidan haya da Jamusanci zai rubuto maka, haka ma'aikacin ofishin baƙi, haka wasiƙar inshora, haka matar da ke karɓar baƙi a asibiti. Cibiyar Goethe, wadda a Indiya ake kira Max Mueller Bhavan, tana da rassa a Delhi, Mumbai, Pune, Bengaluru, Chennai da Kolkata, kuma Pune ta daɗe da suna wajen koyar da Jamusanci. Matakan harshen shida ne, daga A1 zuwa C2. Shawarata ita ce a gama A2 kafin a hau jirgi, domin da an sauka, karatu da aiki da girki za su cinye lokacin. Watannin jiran APS da jiran biza, waɗanda ake ɓatawa a kallon waya, sun isa a yi wannan.

Mataki na 5: Tura takardu

Wasu jami'o'in suna karɓa kai tsaye ta shafinsu, wasu ta hannun wata cibiya a Berlin mai suna uni-assist, wadda ke karɓar Yuro 75 kan kwas na farko da Yuro 30 kan kowane ƙari a zango ɗaya. Akwai kuma masu cewa ka fara samo takardar tantancewa daga uni-assist, mai suna VPD, sannan ka nema a wurinsu. Wannan kan ci mako huɗu zuwa shida. Kwas shida zuwa takwas sun isa, a gauraya manya da matsakaita. Wasiƙar bayyana dalili kuma a rubuta ta a taƙaice: me ka karanta, me kake son ƙwarewa a kai, me ya sa wannan kwas. Malaman Jamus ba sa son labarin yadda ka fara son injina tun kana yaro.

Mataki na 6: Kuɗi, da yadda ake fitar da su daga Indiya

Kafin a ba da biza, Jamus tana son ganin kuɗin cin abinci da haya na shekara guda a kulle cikin wani asusu na musamman da ake kira Sperrkonto. Daga Satumban 2024 adadin ya zama Yuro 11,904, wanda za a riƙa sakar maka Yuro 992 kowane wata, ba za ka iya cire fiye da haka ba. Kafin nan 11,208 ne, don haka a duba adadin shekarar da ake ciki. A kuɗin Indiya ya haura lakh goma, wato rufi miliyan ɗaya, tunda lakh guda dubu ɗari ne. Kamfanoni irin su Expatrio da Fintiba suna buɗe asusun ta intanet cikin 'yan kwanaki.

Iyalai da yawa bashin banki suke ci. Bankunan gwamnati kamar State Bank of India suna da rancen karatun waje mai sauƙin kuɗin ruwa, amma idan adadin ya yi yawa sai an ba da jingina, galibi takardun gida ko fili, kuma tantance takardun gida kaɗai yakan ci makonni. Kamfanonin ba da lamuni masu zaman kansu suna bayarwa da sauri ba jingina, da ruwa mai nauyi. Abin da zan ce a nan shi ne, wanda ya jinginar da gidan mahaifinsa ya san cewa ba shi kaɗai ya hau jirgin ba.

Fitar da kuɗi yana ƙarƙashin tsarin babban bankin Indiya, wanda ya yarje wa mutum ɗaya dala 250,000 a shekarar kuɗi. Akwai wani haraji da banki ke cirewa a lokacin turawa idan adadin ya wuce wani ƙa'idi. Daga Afrilun 2025 ƙa'idin ya koma lakh goma, aka kuma ɗauke harajin gaba ɗaya daga kuɗin da suka fito daga rancen karatu. Wanda aka cire masa yana iya neman a mayar masa lokacin cike takardar haraji. A kuma tura ɗan ƙari kan adadin, domin bankunan da kuɗin ke ratsawa sukan gutsura, kuma ko Yuro biyar ya gaza ba za a ba da takardar tabbaci ba.

Mataki na 7: Biza

Jamus tana da ofishin jakadanci a New Delhi da ƙananan ofisoshi a Mumbai, Bengaluru, Chennai da Kolkata, kuma kamfanin VFS ne ke karɓar takardu da hoton yatsu. Tun Janairun 2025 ana fara neman bizar ta shafin intanet na ma'aikatar harkokin wajen Jamus. Kuɗinta Yuro 75. Ana buƙatar takardar gurbi, APS, shaidar asusun da aka kulle, inshorar lafiya, shaidar harshe da wasiƙar dalili. Daga 1 ga Yulin 2025 an soke tsohuwar hanyar rubuta ƙorafi ga ofishin jakadanci idan an hana mutum biza. Abin da ya rage shi ne sake nema ko zuwa kotu a Berlin. Wato fayil ɗin farko ya zama cikakke.

Inshorar lafiya dole ce, ba a rajistar jami'a sai da ita. Ɗan ƙasa da shekara 30 yana shiga ta gwamnati, irin su TK, AOK ko Barmer, a kan kusan Yuro 120 zuwa 150 a wata. Akwai masu zaman kansu masu araha, amma wanda ya sa hannu ya fita daga ta gwamnati ba zai iya komawa ba har ya gama karatun. Kada a yi wannan don ragin 'yan Yuro.

Mataki na 8: Ɗaki

In da za a tambaye ni wane mataki ne ya fi sa ɗalibai kuka, wannan ne. Ɗakunan kwanan ɗalibai na Studierendenwerk, hukumar kula da walwalar ɗalibai, su ne mafi araha, amma layin jira a manyan birane yakan kai zango biyu ko fiye. A sa suna ranar da takardar gurbi ta zo, wasu wuraren ma suna yarda tun kafin ta zo. Sauran ɗalibai suna zama ne a gidan haɗaka, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa, abin da Jamusawa ke taƙaitawa da WG, kuma shafin WG-Gesucht shi ne kasuwarsa. Mazauna gidan su ke zaɓen wanda zai shigo, bayan sun yi hira da shi. Saƙon da aka kwafa aka tura wa mutum hamsin ba ya samun amsa. Wanda aka rubuta da ɗan Jamusanci, ya faɗi ko wane ne kai da yadda kake da tsafta, shi ake karantawa.

Ɗaki a Munich yakan haura Yuro 700. A garuruwan gabas kamar Chemnitz da Magdeburg rabin haka ya isa. Idan ka tuna 992 ne ke shigowa a wata, za ka ga cewa zaɓen gari lissafin kuɗi ne.

Abubuwa uku a kiyaye. Na ɗaya, 'yan damfara: mai gida da ya ce yana ƙasar waje, ka tura kuɗi zai aiko da makulli, ɓarawo ne, komai kyawun hotunan. Na biyu, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa doka ta hana ya wuce hayar wata uku, ba tare da kuɗin ɗumama gida da ruwa ba, kuma kana da damar biyansa kashi uku. Na uku, wanda ya fi muhimmanci: kada ka karɓi ɗakin da aka ce ba za a ba ka takardar rajistar adireshi ba. Dalili yana tafe.

Kayan tafiya ba sa buƙatar dogon bayani. Tukunyar matsi, kayan yaji, magungunan da aka saba da su tare da takardar likita, da asalin takardun karatu a jakar hannu. Rigar sanyi a can za a saya, ta Pune ba za ta yi aiki ba. Nama da kayan madara, har da man shanu da alewar madara da uwa za ta cusa a akwati, doka ta hana shigar da su Tarayyar Turai.

Mataki na 9: Makonni biyu na farko

Cikin kwana 14 da shiga gida dole a je ofishin gari a yi rajistar adireshi, wato Anmeldung, da fasfo da takardar tabbaci daga mai gida. Kusan komai a kan wannan takarda yake rataye. Da ita lambar haraji mai alƙaluma 11 za ta zo ta gidan waya, lambar da kamfani zai nema kafin ya biya ka, kuma takardar rajistar ce ofishin baƙi zai nema. A liƙa suna a akwatin wasiƙu tun ranar farko, domin ma'aikacin gidan waya a Jamus suna yake bi, in bai gani ba ya koma da wasiƙar. A fom ɗin akwai gurbin addini. Hindu da Musulmi da Sikh ba su da abin biya, amma Kiristan jihar Kerala ko Goa ta Indiya da ya rubuta Katolika zai fara biyan harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin albashinsa, ranar da ya fara samun albashi mai kauri.

Daga nan sai a buɗe asusun banki na yau da kullum don kuɗin wata ya fara sauka, a kammala rajistar jami'a, a nemi ranar ganawa da ofishin baƙi don canza biza zuwa katin izinin zama, wanda kuɗinsa Yuro 100 ne. A manyan birane samun ranar yakan ɗauki watanni. Abin da ke kare mutum shi ne ya shigar da buƙatarsa a rubuce kafin bizar ta ƙare, ya ajiye shaida. Wata wasiƙa kuma za ta zo tana neman Yuro 18.36 a wata na kuɗin rediyo da talabijin. Ba damfara ba ce, kuma ba ruwansu ko kana da talabijin. Gida guda ke biya sau ɗaya, sai mazauna su raba.

Mataki na 10: Karatu da aiki

A Indiya malami yana kiran suna, yana ba da gwaji kowane wata, yana bin ka. A jami'ar Jamus ba mai neman ka. Kana iya yin zango guda ba ka shiga aji ba, sannan jarrabawa ɗaya a ƙarshe ta yanke makin gaba ɗaya. Kai za ka yi rajistar jarrabawar da kanka cikin wa'adi, kai za ka janye idan ba ka shirya ba. A mafi yawan jami'o'i dama uku ake bayarwa a kowane darasi na dole. Wanda ya faɗi ta ƙarshe an sallame shi, kuma yawanci ba zai sake karanta wannan fanni a wata jami'ar ƙasar ba. Kwafar aikin wani, wanda a wasu kwalejoji ake kau da kai a kansa, a nan yana iya kawo ƙarshen karatu. Digirin da aka rubuta zango huɗu, da yawa sukan gama shi a biyar ko shida, kuma ba abin kunya ba ne, illa dai kowane ƙarin zango ƙarin kuɗi ne da za a nuna wa ofishin baƙi.

Tun Maris 2024 ɗalibi yana da izinin aiki na cikakkun kwana 140 ko rabin kwana 280 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 12.82 ne a awa. Aikin taimaka wa malami a jami'a da horon da kwas ya wajabta ba sa shiga wannan ƙidaya. Sabon zuwa yakan fara da kai abinci a keke, ko ɗaukar kaya a sito, ko wanke kwanuka. Babu laifi a wannan na 'yan watanni. Haɗarin shi ne a saba da kuɗin, a riƙa tura wa gida, jarrabawa ta riƙa zamewa. Aikin da ya kamata a sa a gaba shi ne na Werkstudent, wato ɗalibi mai aiki a kamfani a fanninsa har awa 20 a mako, domin daga nan ne ake samun batun kundin kammalawa, sau da yawa ma har aikin dindindin. Aikin da ake biya a hannu ba takarda, ko a gidan abincin ɗan garinku ne, yana iya jawo asarar izinin zama.

Sauran zaman kuwa ana koyonsa da kaɗan-kaɗan. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, sai na manyan tashoshin jirgin ƙasa. Robar ruwa tana da ajiyar santi 25 da ake mayarwa. Daga ƙarfe goma na dare ba a hayaniya, kuma ƙarar tukunyar matsi da ƙamshin soyayyen yaji sun sha haɗa ɗaliban Indiya faɗa da maƙwabta. Shiga jirgi ba tikiti tarar Yuro 60 ce. Sauke fim ta haramtacciyar hanya yana kawo wasiƙar lauya ta ɗaruruwan Yuro. Lasin tuƙin Indiya wata shida yake aiki, daga nan sai an sake jarrabawa. Mai cin ganye zalla ba zai sha wuya a kantin abincin jami'a ba, Musulmi kuma shagunan Turkawa sun wadatar da shi da naman halal. Abin da ba a shirya masa shi ne duhu: a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a Berlin, kuma yaron da ya tashi a gida mai mutum takwas zai sami kansa shi kaɗai a ɗaki yana cin abinci da waya a hannu. Kusan kowace babbar jami'a tana da ƙungiyar ɗaliban Indiya da ke haɗa bikin Diwali, Studierendenwerk kuma tana da masu ba da shawara kan damuwa kyauta. A je tun abin bai yi nisa ba.

Mataki na 11: Bayan kammalawa

Wanda ya gama yana da izinin zama na wata 18 don neman aiki, kuma yana iya yin kowane irin aiki a tsakani. Nan ne Jamusancin da aka raina yake dawowa ya karɓi bashinsa. Masana'antar motoci, wadda ta ja injiniyoyin Indiya da yawa, tana rage ma'aikata. A Disamban 2024 Volkswagen ta sanar da shirin rage guraben aiki 35,000 kafin 2030. Matsakaitan kamfanonin da ke ƙananan garuruwa suna ɗaukar mutane, amma da Jamusanci suke taro, kuma B2 suke nema.

Da aiki ya samu, ana komawa katin Blue Card na Tarayyar Turai, wanda a 2025 yake buƙatar albashin Yuro 48,300 a shekara, ko kusan 43,760 ga sababbin masu digiri da fannonin da ake ƙarancin ma'aikata. Wanda ya yi digiri a Jamus yana iya neman izinin zama na dindindin bayan shekara biyu yana aiki yana biyan kuɗin fansho, in yana da Jamusanci matakin B1. Dokar da ta fara aiki a Yunin 2024 ta rage wa'adin neman zama ɗan ƙasa zuwa shekara biyar, ta kuma halatta riƙe fasfo biyu. Sai dai Indiya ba ta yarda da haka ba. Ranar da saurayin Pune ya karɓi fasfon Jamus, na Indiya ya faɗi, sai ya miƙa shi ga ofishin jakadanci ya nemi katin OCI, wanda zai ba shi damar shiga ƙasar da zama da aiki ba biza har ƙarshen rayuwarsa, amma ba zai sake jefa ƙuri'a ba, ba kuma zai iya sayen gona ba.